Dokar Ƙarfe Tara

Ranar Talata da hantsi aka gangaro da Matiron, tsohuwar shugabar nas-nas, zuwa ɗakinmu na asibiti, kwana ɗaya bayan an sa mata ƙarfe a kwankwaso. A gida ta faɗi, a bakin banɗakinta. Shekarunta saba'in da huɗu. Ashirin da biyu daga ciki ta yi su ne tana riƙe da wannan ɗaki na mata masu karaya, kuma ko da ta ajiye aiki ba wanda ya koma kiranta da wani suna. Masu turo gadon ma a hankali suke tafiya, kamar masu tsoron ta ce sun karkace.

Likitan ƙashi ya ja ni gefe wajen tebur.

"Sista, ƙashin nan ya zama gari. Ƙarfen ya kama, amma da ƙyar. In ta sake faɗuwa ba ni da inda zan kafa wani. Keken guragu ke nan har ƙarshen rayuwarta."

"Ba za ta faɗi ba," na ce.

"Kowa haka yake cewa."

Wata takwas ke nan da aka ba ni ɗakin. Na dawo daga karatu a wata ƙasa mai nisa da jaka cike da takardu, cikinsu har da ƙa'idojin hana marasa lafiya faɗuwa, shafi goma sha ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda aka kwantar a auna haɗarinta: shekaru, jiri, gani, magungunan da take sha. Wadda ke cikin haɗari a ɗaura mata roba ruwan ɗorawa a hannu. A sauke gado ƙasa, a taka birkin tayoyinsa. A ajiye ƙararrawa inda hannu zai kai. Silifa mai santsi a mayar da ita gida. Ma'aikata suka sa mini suna Sista Takarda. A gabana ma suke faɗa, ni kuma ina amsawa.

A wata takwas ɗin mutum bakwai suka faɗi. A wata takwas na kafin zuwana, mutum takwas. Bambancin mutum ɗaya ba abin tinƙaho ba ne.

Gado na huɗu aka ba Matiron, can ciki, kusa da banɗaki. Na zo da robar.

"Mece ce wannan?"

"Alama ce, Mama. Duk wanda ya gan ta ya san ba a barin ki ki tashi ke kaɗai."

"Alama. Kamar tunkiyar da aka riga aka sayar." Ta janye hannunta ƙarƙashin mayafi. "Ɗaura wa gadon. Shi ma ya tsufa."

Na ɗaura wa gadon. Na nuna mata ƙararrawa.

"In na danna wa zai zo?"

"Duk wadda ke kusa."

Ta dubi Sista Doguwa, mataimakiyata, da ke gefe tana gyara ledar ƙarin ruwa. "Waccan? Ni na koya mata ninkin zanen gado. Sau biyu ta yi kuka kafin ta iya. Yanzu ita za ta riƙe mini zane a banɗaki?"

"Sau uku ne, Mama," in ji Doguwa, ko juyowa ba ta yi ba.

"Kin ji ko. Har yanzu ba ta iya yin shiru ba." Ta nuna 'yarta, wadda ke zaune a kujerar masu jinya da jaka a cinya. "Ga Auta nan. Ni na haife ta, ita za ta kai ni."

Na rubuta a fayil: ba ta yarda da roba ba, an yi mata bayani, 'yarta na tare da ita. Na sa hannu. A takarda komai ya cika.

Safiyar ɗakinmu tsari ɗaya gare ta, kuma haka na tarar da shi. Ƙarfe takwas a raba magani. Tara saura kwata a fitar da masu jinya duka, wato 'yan uwan da ke zama da marasa lafiya, zuwa baranda, a rufe ƙofa. Baba Mai Bokiti ya shigo ya wanke ƙasa tun daga ƙurya har bakin ƙofa, da ruwa mai yawa da magani mai hawa hanci. Ƙarfe tara likitoci su shigo a kan tayil mai ƙyalli, su fara daga gado na ashirin da ke bakin ƙofa, mu kuma nas-nas duka mu bi bayansu da fayiloli. Sai goma saura a buɗe wa masu jinya. Matiron ce ta kafa wannan tun kafin a sa ni a firamare. Dokar ƙarfe tara ake ce mata. Ban taɓa ta ba, domin babu ita a takardata, ko a cikin abin yi ko a cikin abin bari.

Ranar Laraba mai koya wa marasa lafiya tafiya ya tsayar da Matiron a kan ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Taku uku ta yi. Ya ce ya isa na yau, kuma kada ta gwada in ba kowa kusa. Ta ce ta ji.

Ranar Alhamis muna gado na goma sha takwas, likita yana duba hoton ƙafar wata, na ɗaga kai don in ga agogo. Tara da minti goma. Gado na huɗu babu kowa a kai.

Tana tsaye tsakanin gadon da ƙofar banɗaki. Ƙarfen dogarawar yana can jikin bango, inda Baba ya jingine shi don ya sami hanyar mopa. Abin da ta kama shi ne sandar da ake rataye ledar ƙarin ruwa, mai taya biyar, wadda muka manta a wurin bayan an cire mata ruwan. Ƙafarta babu takalmi. Ƙasa tana sheƙi.

Ban kira ta ba. Tsoho in ka kira shi daga baya waiwayowa yake yi, kuma waiwayen ke kayar da shi. Na miƙa wa Doguwa fayil, na bi ta gefe, inda ruwan ya fara bushewa. Gado goma sha huɗu ne tsakaninmu. Ban taɓa sanin tsawon ɗakin nan ba sai ranar. Ta tura sandar, ta ja ƙafa, ta sake turawa. A turi na uku sandar ta tafi ba tare da ita ba. Na riga na iso. Na sa hannu biyu a ƙarƙashin hammatarta, na tokare ta da gwiwa ta baya. Sandar ta bugi bango ta kife.

Likitoci duk sun juyo.

"Ku ci gaba da aikinku," in ji Matiron. Muryarta ba ta rawa, amma ina jin bugun zuciyarta a hannuna. Sai ta rage murya. "Ke, kai ni. Ba zan iya riƙewa ba."

Na kai ta, na zaunar da ita, na fito na ja ƙofa amma ban rufe duka ba. Na tsaya a nan.

"Rufe."

"Ba a rufewa, Mama."

"Takardarki ce ta ce?"

"Shafi na shida."

Ta yi tsaki.

"Me ya hana ki danna ƙararrawa?" na ce.

"Kuna bin likitoci. A ɗakina ba a katse zagaye saboda fitsari."

"Auta fa?"

"Tana baranda. Kun kore ta."

"Mu?"

Ta kawar da kai. Dokar tata ce.

Likita ya duba ta bayan na mayar da ita. Ƙarfe yana nan daram. Ya dube ni, ya wuce.

Da rana na ɗauko littafin da muke rubuta duk wadda ta faɗi. Da hannuna na cika shi. Kullum daga hagu zuwa dama nake karanta shi: suna, shekaru, rauni, an ɗaura roba ko ba a ɗaura ba. Ranar na karanta shi daga sama zuwa ƙasa, layin lokaci kaɗai. Tara da biyar. Tara da ashirin. Tara da kwata. Shida cikin bakwai tsakanin tara da tara da rabi suka faɗi. Na ciro fayilolinsu. Biyar cikin shidan suna shan ƙwayar hawan jini mai sa fitsari, wadda muke bayarwa ƙarfe takwas. Matiron ma tana shan ta.

Wato mu ke ba su ƙwayar, mu kori mai kai su banɗaki, mu jiƙa ƙasa, sannan mu juya musu baya. Kullum, a kan lokaci. Ni kuwa wata takwas ina ta ɗaura roba.

Na sami Baba Mai Bokiti a ɗakin kayan aikinsa yana matse mopa. Dattijo ne, ya girmi mahaifina, shekara talatin yana wanke ɗakin nan.

"Baba, daga gobe sai sha ɗaya za ka yi wanki. Rabi-rabi, a bar gefe ɗaya busasshe."

"Likitoci su shigo a kan datti?"

"Ba datti ba ne. Ƙasar da ka wanke jiya da yamma ce."

"'Yata, kin yi karatu, ban musa ba. Amma matar nan tana kwance a gado na huɗu, idonta biyu. Jiya ta aiko Auta ta gaya mini na tsallake ƙurya. Ki ce in karya mata doka a gabanta? Gara ki kore ni."

Doguwa ma ba ta ɓoye mini ba. "In kika bar masu jinya a ciki, Babban Likita zai tambaya wa ya ce. In na ce Sista Takarda, dariya za a yi. Mako biyu an koma yadda ake."

Gaskiya ta faɗa. Ina iya rubuta umarni in liƙa a bango, amma na san tsawon ran abin da ake liƙawa a bango. Gobe kuma tara za ta sake yi, Auta na baranda.

Na ɗauki littafin na kai gado na huɗu. Na ce wa Auta ta je ta sha iska. Ban yi bayani ba. Na buɗe, na sa yatsa a kan layin lokaci, na miƙa wa Matiron tare da tabaranta.

Ta karanta sau biyu.

"Rubutunki ba kyau," ta ce. Ta ƙara dubawa. "Ina tsofaffin littattafan?"

"Ban sani ba."

"Doguwa ta sani. Kabad na ƙasa a sito, bayan kwalayen safar hannu, in ba ku zubar ba."

Doguwa ta kawo guda huɗu, bangonsu ya yi laushi don tsufa. Rubutun Matiron ne a ciki, a miƙe, kowane harafi a wurinsa. Ta riƙa bin layin da yatsa, shafi bayan shafi. Ba sai na leƙa ba, leɓenta na motsi: tara da goma, tara da kwata, tara da biyar. A layin dalili abu ɗaya ta yi ta rubutawa shekara da shekaru: rashin jin magana.

Ta tsaya a wani shafi.

"Wannan malamar makaranta ce. Gado na bakwai. Saura kwana biyu a sallame ta. Tana ƙasa ina yi mata faɗa." Ta rufe littafin. "Ba ta sake tafiya ba."

Ta ajiye littafin a cinyarta.

"Kin san yadda na tarar da ɗakin nan? Masu jinya suna girki a ƙarƙashin gado. Yara suna rarrafe a kan bandeji. Cikin mata goma da aka yi wa aiki, huɗu ciwonsu ke ruɓewa. Shekara biyu da dokar nan ya koma ɗaya. Wannan ma yana rubuce."

"Na sani, Mama. Ba wankin nake so a daina ba. Lokacin ne."

"Kuma kin kasa sa Baba."

"Na kasa."

Ta cire tabarau. Tun da aka kawo ta, sai yanzu ta dube ni ba tare da tana neman aibu a farar rigata ba.

"Me takardar taki ta ce a yi?"

Na gaya mata. Wanki ya koma sha ɗaya, rabi-rabi. Duk mai roba a bar mata mai jinya ɗaya. Nas ɗaya ta bar bin likitoci ta tsaya a tsakiyar ɗaki. Kafin tara a bi gado-gado a tambayi kowa ko tana son banɗaki.

"A tambaya?"

"E."

"Waɗanda suka rubuta takardar nan ba su taɓa jinyar uwar wani ba. Ki tsaya a kan dattijuwa, a gaban mata goma sha tara, ki ce mata kina jin fitsari? A'a za ta ce, ko da yana zuba. Ba a tambaya. A zo da ƙarfen dogarawa a ce, lokacinki ya yi, tashi. Kowa da kowa, a jere, kamar rabon magani. In kowa na zuwa, babu wadda ta roƙa."

Na ciro biro na rubuta a gefen shafi na shida.

"Kin gani," ta ce wa Doguwa, "har wannan ma sai ta rubuta."

Ranar Juma'a tun kafin a raba magani ta sa Auta ta jingina ta da filo biyu, ta ɗaura ɗankwali sosai. Tara saura kwata Baba ya turo ƙofa da bokitinsa. Masu jinya suka fara tattara jakunkuna.

"Baba."

Ya ajiye bokitin. "Ranki ya daɗe."

"Wa ya ce ka riƙa wanki yanzu?"

"Ke, Matiron."

"To ni na ce ka daina. Sha ɗaya. Gefe ɗaya ya bushe kafin ka taɓa ɗayan. Kuma ƙarfen dogarawar mutane ba naka ba ne. In ka ɗaga, ka mayar inda ka same shi."

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya dubi bokitin. "Ruwan fa? Na riga na haɗa."

"Ba zai tsufa ba kafin sha ɗaya."

Ta juya ga masu jinya. "Duk wadda mara lafiyarta ke da roba a hannu ta koma ta zauna. Ba surutu, ba ciye-ciye, ba waya. In na ji motsi ni zan fitar da ku da kaina."

Suka zauna.

Sannan ta nuna jikin gadonta. "Ke, Takarda. Cire wannan abu daga nan. Gado ba ya zuwa banɗaki." Ta miƙo hannu. Na yanke ta jikin gadon, na ɗauko sabuwa na ɗaura mata. Ta juya hannun tana dubawa. "Launin ba shi da kyau."

Auta ta miƙe za ta kama ta.

"Zauna. Doguwa, zo. Da ni za a fara. In ban bari kin kai ni ba, ta gado na biyar ma ba za ta bari ba."

Doguwa ta kawo ƙarfen dogarawa ta ajiye daidai gabanta, ta sunkuya ta sa mata silifa. "Lokacinki ya yi, Mama."

"Ɗaga murya. Ba sirri ba ne."

"Lokacinki ya yi, tashi."

Ta tashi. Ɗakin duka na kallo. Taku goma sha biyu ta yi zuwa banɗaki a kan busasshiyar ƙasa, hannun Doguwa a bayanta. Da suka isa muka ji ta tana cewa, "Kar ki rufe duka. Shafi na shida."

Ta gado na biyar, wadda tun da aka kwantar da ita ba ta taɓa danna ƙararrawa ba, ta fara laluben silifarta da ƙafa.

Ƙarfe tara Babban Likita ya shigo da ayarinsa. Ya dubi ƙasa, ya dubi masu jinya a kujerunsu.

"Sista, yau ba a yi wanki ba ne? Su waɗannan kuma fa? Wa ya ce?"

"Ni," na ce. Na miƙa masa littafin a buɗe, yatsana a kan layin lokaci.

Ya karanta a tsaye. Ya juya shafi, ya dawo. "Tun yaushe haka ke faruwa?"

"Tun kafin ka gama makaranta," in ji Matiron daga can ciki. "Ka gyara wuyan rigarka ka fara zagaye, mutane na jira."

Ya gyara. Ya fara.

Kwana goma sha shida ta ƙara yi a wurinmu. A cikinsu ban rubuta kowa a littafin ba. Kwana goma sha shida ba hujja ba ce, kuma na san wata rana wata za ta sake faɗuwa, a wani lokacin da ban lura da shi ba tukuna. Amma layin lokaci yanzu shi nake fara karantawa.

Ranar sallama, bayan zagaye, mai turo marasa lafiya ya kawo keke ya tsayar a gaban gado na huɗu, yadda ake yi wa kowa.

"Wa ya aiko da wannan?"

"Haka ake yi, Mama," in ji shi.

"Ɗora jakar Auta a kai, kar ka koma hannu wofi."

Na dubi likitan ƙashi. Ya ɗaga kai alamar to. Ta kama ƙarfen dogarawa ta miƙe. Na tsaya taku ɗaya a bayanta, ta gefen ƙafar da aka yi wa aiki, hannuna a shirye amma bai taɓa ta ba. Ƙofa tana can ƙarshen ɗaki. Ta bi tsakiya a hankali, ƙarfe gaba, ƙafa mai ciwo, ƙafa mai lafiya. Masu jinya suka riƙa janye ƙafafunsu. A gado na tara ta tsaya. Na matso. Ba gajiya ba ce: ta saki hannu ɗaya ta ja kusurwar zanen gadon.

"Wa ya ninka wannan?"

"Ni," in ji Doguwa.

Ta ƙara ja. Bai motsa ba. "Ya yi."

Doguwa ta juya ta shiga gyara wani filo da ba ya bukatar gyara.

A bakin ƙofa na ciro almakashi don in yanke mata robar. Ta janye hannun.

"Bar ta. Banɗakin gidana ma tayil ne, kuma wannan yarinya da safe take wanke shi." Ta dubi Auta. "Kin ji ko? Sha ɗaya."

Ta fita da ƙafarta. A baranda Baba yana zaune a benci kusa da bokitinsa, yana duban agogon bango. Saura minti ashirin. Ya miƙe, ya janye bokitin daga hanya.